Mai Baƙin Keke Bai Taɓa Dukan Kowa Ba

Jawabin da Amos Irmiya ya yi a taron tunawa da marigayi Malam Sabitu Ɗanlarai, a filin da ke gaban gidansa a Ƙofar Dumi, Bauchi.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Mai Unguwar Ƙofar Dumi da dattawan da ke tare da shi, Allah ya ƙara muku lafiya. Malam Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Fastocin da suka taso daga sassa daban-daban na garin nan don su zauna tare da mu, sannunku da zuwa. Shugabannin ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo, da tsofaffin abokan aikinmu na gidan talabijin, waɗanda na ga yawancinsu yau da sanda suka zo. Hajiya Kubura, mai ɗakin marigayi. Saudatu da Abdulsalam, 'ya'yan marigayi kuma 'ya'yana, da jikoki. Jama'a maza da mata, salamu alaikum.

Tun da na miƙe na hango wasu iyayenmu mata a can baya sun jawo jakunkunansu sun rungume. Ku kwantar da hankalinku, na daɗe da yin ritaya. Yaran da ba su gane abin da ya sa ake dariya ba, sunana Amos Irmiya, mutumin Bogoro, amma a garin nan ba wanda ya san ni da wannan suna sai matata Liatu da ofishin fansho. Kowa Ɓarawon Talabijin yake ce mini. Shekara da shekaru, duk mako sai na yi sata a gaban mutanen Bauchi, duk mako kuma sai Malam Sabitu ya kama ni. Da iyalinsa suka ce ni zan yi magana a madadin jama'a, na ce lalle ba a taɓa yin irin wannan ba, a ce ɓarawo ne zai yabi wanda ya kama shi. Na karɓa ne don a duk waɗanda suka yi wasan nan daga farkonsa har ƙarshensa, ni kaɗai na rage.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi abin da ya fi damuna, kada a ce na binne shi a ƙarƙashin yabo. Malam ya tafi ya bar aiki guda bai gama ba. Akwai wani bawan Allah a cikinmu, Hamma mai gyaran janareta, wanda aka kira ɓarawo a unguwar nan alhali bai ɗauki kayan kowa ba, kuma har yau ba a wanke shi a gaban mutane ba. Malam ya yi masa alkawarin za a wanke shi, ajali ya riga alkawarin. Duk abin da za ku ji daga bakina yau, can ya dosa.

Mu da muka ga zamanin, mun san yadda garin nan yake zama ranar da za a nuna Mai Baƙin Keke. Talabijin ba kowane gida ba, a unguwa guda da ƙyar ka sami biyu ko uku, su ma baƙi da fari. Ana idar da sallar Magariba mai akwatin zai fito da shi ƙofar gida ya ɗora a kan tebur, yara a ƙasa, manya a benci, mata daga cikin zaure suna leƙe. Mai shayi ya bar tukunya tana tafasa, mai tsire ya manta da nama a wuta. Labarin ba wani mai wuya ba ne. Tsohon ɗan sanda ne da ya ajiye kaki saboda abin da idonsa ya gani, ya buɗe rumfar facin keke a gindin bishiya. Duk wanda aka zalunta, ya je can an kore shi, ya je can an ce ya dawo gobe, sai ya zo rumfar nan. Mai Baƙin Keke ya tura masa kujera da ƙafa, ko kai bai ɗaga daga tayar da yake faci ba, ya ce, “Zauna ka faɗa mini tun daga farko.” Idan mutum ya gama, sai ya wanke hannu, ya hau baƙin kekensa ya tafi neman azzalumin. Azzalumin kuwa ni ne. Wannan mako ni ne mai awon hatsi da ya danne gindin mudu, wani mako ni ne mai sayar da jabun magani, wani kuma ni ne akawun da ya cinye filin marayu. Ba irin muguntar da ban yi ba a garin nan.

Yau zan tona masa asiri kaɗan, tun da ba ya nan balle ya harare ni. Malam Sabitu bai iya facin keke ba. Hannayen da kuka riƙa gani an matso da su suna shafa gam a tiyub, na wani mai faci ne a Ƙofar Wambai. Ranar da Malam ya ce shi ma sai ya gwada da kansa, tiyub biyu ya lalata. Kuma jarumin nan da ɓarayin Bauchi ke tsoro, ranar Babbar Sallah ba ya iya tsayawa a kan ragonsa. Hajiya tana nan, in ƙarya nake ta faɗa. Maƙwabci ake kira ya yanka, shi kuwa ya tuna yana da gaisuwar da bai kai ba a wata unguwa.

Ya kasance malamin firamare kafin wasa, ya kasance malamin firamare lokacin wasa, kuma da aka daina wasan aji ya koma har ya yi ritaya. Ya kasance mutum mai sanyin murya, wanda in yana magana sai ka matso. Ya kasance mai jin kunyar yabo, in ka ce masa ya yi ƙoƙari sai ya fara tambayarka lafiyar yara. Ya kasance mai tsokana a ɓoye, ya jefa maka magana da safe, sai da rana za ka gane da kai yake. Ya kasance abokina, kuma ba na jin zan sake samun irinsa a ɗan abin da ya rage mini.

Na san abokina ne tun ranar da aka ƙi sayar mini da tumatur a kasuwar Wunti. A makon da abin ya faru na cinye gadon wata bazawara a talabijin. Na je cefane, mai tumatur ta dube ni ta rufe farantinta da zane, ta ce kayanta ba na sayarwa ba ne. Na matsa gaba, ta gaba ma ta ce haka. Kafin in kai bakin hanya yara sun biyo ni da ihu, wani ya jefe ni da ɓawon rake. Na koma gida hannu wofi, Liatu ta yi kuka ta ce ko in bar wasan ko ta koma gidansu. Labari ya kai kunnen Malam. Washegari ya zo da kekensa na gaske, wanda ba baƙi ba ne, kore ne mai ƙarar sarƙa, ya ce in hau baya. Ya kai ni tsakiyar kasuwar, ya sayi kwano guda na ɗanwake, muka zauna a kan benci muka sa hannu tare, duk kasuwa na kallo. Sai da muka suɗe kwanon ya tashi ya je wurin mai tumatur ɗin ya ce mata, “Iya, wannan ƙanena ne, ki auna masa mai kyau.” Ta auna, har da gyara, amma sai da ta ja mini kunne a kan bazawarar nan.

To in mutane sun ɗauka ni ɓarawon gaske ne, kun san abin da suka ɗauki Malam. Wata safiya ya fito zai tafi makaranta ya tarar da wata tsohuwa a zaurensa, ta tako a ƙasa tun daga Inkil. Ƙanen mijinta ya shiga gonar da marigayin ya bar mata, ya cire iyaka ya shuka gyaɗa. Malam ya yi mata bayani a hankali cewa shi malamin makaranta ne, abin da ta gani wasa ne, ba shi da rumfa, ba shi da ikon kama kowa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, “To ɗan nan, ko a wasan ne ka saurare ni mana, ba wanda ya taɓa bari na kai ƙarshe.” Ya zauna, ta faɗa tun daga farko. Da aka tashi makaranta ya raka ta wurin mai unguwarsu, daga nan wurin alƙali, ya zauna kusa da ita a benci. Sai da aka yi ta kai da komo har kaka ta wuce, amma gonarta ta dawo.

Daga wannan tsohuwa zauren gidan nan bai sake zama babu kowa ba. Wanda aka hana takardar filinsa, wadda miji ya gudu ya bar ta da yara, ɗan acaɓan da aka kama masa babur, tsohon da fanshonsa ya maƙale, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙo, duk nan suke zuwa. Ba shi da muƙami, ba shi da kuɗi, ba shi da yaran da za su tsorata wani. Fuskarsa kawai yake da ita. Ya raka mutum ofis ya zauna a gefensa, akawu ya ɗaga kai ya ga Mai Baƙin Keke yana kallonsa, sai ka ga takardar da aka ce ta ɓace ta fito daga aljihun tebur. Ba kullum yake cin nasara ba, sau da yawa sun dawo kamar yadda suka tafi. Amma ban taɓa jin wanda ya fita daga zauren nan ya ce ba a saurare shi ba.

Hajiya Kubura, mu mun ga abin da kika ɗauka. Tukunyarki ba ta taɓa sanin mutum nawa za su ci daga cikinta ba. Kin sha dafa abincin mutum biyar a raba wa goma sha, ki kwana da ɗan ƙanzo. Kin sha jiran miji ya dawo daga rakiyar wanda ko sunansa ba ki sani ba. Mun ji kina yi masa faɗa, kuma kina da gaskiya, amma ba mu taɓa jin kin kori kowa daga ƙofar nan ba. Duk ladan da mutane ke roƙa masa yau, da rabonki a ciki. Saudatu, ke kika yi jinyarsa, ke kika riƙa juya shi a gado lokacin da ɓarin jikinsa ya daina motsi. Ya gaya mini da bakinsa da ya karkace cewa bai san da me zai saka miki ba. Na ce masa ba a biyan wannan, sai dai addu'a.

Mutane sukan tambaye ni me ya sa wasan da aka daina tun kafin a haifi rabin mutanen da ke nan har yau ake maganarsa. An yi wasanni bayansa masu launi, masu motoci, masu bindigogi, an manta da su. Namu kuwa ko kaset guda bai rage ba. A lokacin kaset tsada gare shi, in an nuna shiri sai a goge a ɗauki wani a kai, haka tsarin aikin yake, ba laifin kowa ba ne. Wasan da babu shi a ko'ina sai a bakin mutane, amma yaron da bai taɓa ganinsa ba zai ce wa abokinsa, bari in kira maka Mai Baƙin Keke. Ni a ganina dalilin bai wuce guda ba. Kusan kowa a cikinmu yana da wata ƙara a ƙirjinsa da ya rasa inda zai kai. Ana nuna maka mutum guda da zai ajiye aikinsa ya ji taka har ƙarshe, kuma ya tashi ya taka ƙafa dominka, dole zuciyarka ta bi shi. Muddin ana zalunci, ana kuma cewa mutum ya dawo gobe, za a ci gaba da kewar mai keken nan.

Amma abin da ke bakin mutane ba ya zama yadda aka bar shi, ƙaruwa yake yi. A nan ne baƙin cikin Malam ya fito, kuma sai na yi muku bayanin yadda muke aiki kafin ku gane. Kyamara ɗaya gare mu, mai nauyi kamar buhun masara, ga igiyoyi ko'ina. Mai shirya wasan, marigayi Bakari, Allah ya jiƙansa, yana son a riƙa faɗa idan an kama ɓarawo, ya ce abin da 'yan kallo ke so ke nan. Malam ya ƙi. Ya ce gobe da safe yaran da suka kalle shi ne zai tsaya a gabansu da alli, ba zai koya musu duka da daddare ya koya musu ladabi da safe ba. Suka yi ta ja har wasan ya kusa rushewa. A ƙarshe aka yi sulhu a kan cewa idan ya rutsa ni, zan ruga cikin lungu bayan wata katanga, shi kuma ya jingine kekensa ya bi ni. Kyamara ba za ta shiga ba, za ta tsaya a kan keken, mai goge yana ja a hankali. Can sai mu fito, ni a gaba da kayan sata a kai ina sharar hawaye, shi a baya yana tura keke. Ba a nuna duka ba, ba a ji ƙarar duka ba. Mu kuwa a bayan katangar, gyaɗa muke ɓarewa muna jiran Bakari ya yi tari mu fito.

Sai kowa ya cika bayan katangar nan da abin da ransa ke so. Wanda aka cuta a kasuwa ya ce ai mari ake yi. Yara suka ce da sarƙar keke ake zane ni. Da shekaru suka ja, na sha haɗuwa da dattijo mai furfura ya rantse mini cewa da idonsa ya ga an karya mini hannu a talabijin. In ce masa ba a yi ba, ya ce na manta ne.

Malam ya ga inda abin ya dosa tun wasan bai ƙare ba. Shi ya sa ya roƙi Bakari cewa a shiri na ƙarshe a bar kyamara ta shiga lungun, mutane su ga abin da Mai Baƙin Keke yake yi wa wanda ya kama. Aka yi haka. A shirin na saci keken ɗinkin wata mata. Ya rutsa ni a lungu, na durƙusa na kare kaina da hannu. Sai ya zauna a kan turmi ya ce in sauke hannuna. Ya tambaye ni sunana. Ya tambaye ni wa ya haife ni, a wace unguwa. Sannan ya ce, “Kai ka ɗauka?” Ya jira har na amsa da bakina. Ya tambayi dalili, ya ji har ƙarshe. Daga nan ya ce in zaɓa, ko in ɗora kayan a kaina in mayar da rana tsaka, ko ya je ya kira mahaifina ya zo ya ɗauka. Abin da ke sa ɓarawon kuka ke nan duk mako, ba wani abu ba. Ni da na san wasa ne, ranar hawayen gaske na yi.

Ranar da aka nuna shirin nan aka yi ruwan farko na shekarar, da iska irin wadda ke kwashe kwanon rufi. Turakun wuta suka faɗi, yawancin gari ya yi duhu, masu wuta kuma suna ta fama da ruwa a ɗaki. In an sami waɗanda suka gani, ba su taka kara sun karya ba. Kafin mu je mu roƙa a maimaita, an goge kaset ɗin. Daga shi ba a sake yin wasan ba. Malam ya yi dariya a lokacin, ya ce haka Allah ya so. Bai san abin zai biyo shi har cikin gida ba.

Abdulsalam, ɗana, yanzu na zo kanka. Jama'a su sani ban zo in kunyata shi ba. Na same shi jiya na gaya masa duk abin da zan faɗa, ya ce, “Baba Amos, faɗi, amma ni ban san abin da zan iya yi ba.” Na gode masa da wannan gaskiyar.

Kowa ya san halin da unguwannin nan suka shiga a 'yan shekarun nan, satar babura, ƙwacen waya, fasa shaguna. Abdulsalam da abokansa ba su naɗe hannu ba, suka kafa ƙungiyar sintiri, suka sa mata sunan Mai Baƙin Keke don girmama uba. Sun yi aiki, kuma wanda ya ce ba su yi ba bai yi adalci ba. Akwai matan da ke zuwa kasuwa hankali kwance saboda su. Amma Abdulsalam yana goye aka daina wasan. Bai gan shi ba, labarinsa ya ji, kuma irin labarin da na gaya muku ne ya ji.

Bara, da rana tsaka, aka ga Hamma ya fito daga wani gida yana tura janareta a baro. Mai gidan ne ya ce ya zo ya ɗauka ya gyara, shi kuma ya yi tafiya bai gaya wa kowa ba. Wani ya yi ihun ɓarawo. 'Yan sintiri suka zo, Abdulsalam a gaba, shi ma yana ihun ɓarawo. Ba wanda ya tambayi Hamma sunansa, ba wanda ya ce masa kai ka ɗauka. Yana magana ana rufe masa baki da duka. Aka karya masa hannun dama a wuri biyu. Da mai gidan ya dawo ya ce shi ya aike shi, sai aka bar maganar ta mutu. Waɗanda suka ji ihun ɓarawo sun fi ɗari, waɗanda suka ji cewa kuskure ne ba su cika tabarma guda ba.

Malam yana jin labari ya ɗauki sandarsa ya tafi asibiti, a lokacin ma ƙafarsa ta fara ja. Hamma ya juya masa baya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Malam bai fasa zuwa ba. Ya zauna, ya yi masa fifita, ya ba shi kunu a baki, har ranar da Hamma ya juyo ya ce, “Baba Malam, hannu na Allah ne, ya karɓa ko ya bari. Sunana nake so a dawo mini da shi.” Hannun bai koma daidai ba. Mai gyaran janareta ne da yau ba ya iya jan igiyar janareta. Da hagu yake lallaɓawa, kuma da zai iya ci da iyalinsa a haka, sai dai ba mai kawo masa aiki, don ba wanda ke son ɓarawo ya san hanyar gidansa. 'Yarsa ta daina zuwa islamiyya saboda sunan da yara ke kiranta da shi.

Malam ya kira Abdulsalam. Ina zaune a zauren, don haka ba ji na yi ba. Abdulsalam ya ce su sunan Baba suke ɗaukakawa, kuma in suka fito suka ce sun yi kuskure, ɓarayi za su raina su, ƙungiya ta watse. Malam ya tambaye shi wa ya gaya masa abin da yake yi a bayan katanga. Ya ce ai duk gari ya sani. Malam ya ce, “Duk gari bai shiga ba. Mu biyu muka shiga, ga ɗayan nan zaune, tambaye shi.” Abdulsalam ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita. Bai tambaya ba, shi ya sa na ba da amsar yau.

Na ce wa Malam ya je masallacin Juma'a da kansa ya sanar, ai shi za a ji. Ya ce a'a. Ya ce in shi ya faɗa, mutane za su ce Malam ne da tausayinsa, yana rufa wa wani asiri. Bakin da ya ce ɓarawo, shi ne zai ce ba ɓarawo ba, sannan a yarda. Ya ce zai jira ɗansa, ya san abin da ya haifa, zai zo. Yana cikin jiran ciwo ya kwantar da shi. Kada wani ya fita daga nan ya ce baƙin ciki ne ya kashe shi. Hawan jini ne da ya daɗe yana fama da shi, kwanansa ne ya ƙare. Kuma ko a kan gadon bai taɓa ambaton Abdulsalam da mummunar kalma ba, sai dai duk wanda ya yi sallama ya juya ido ya ga ko shi ne ya zo da maganar.

Ranar jana'iza ina tsaye a gefe lokacin da kuke sallah, don haka na ga abin da ku da ke cikin sahu ba ku gani ba. Da aka ɗaga makara, na ga Hamma ya kutsa cikin mutane ya sa kafaɗar hagu. Na ga wani ya dube shi ya taɓa aljihunsa. Hamma ya gani, bai saki makarar ba har maƙabarta. Na yi kuka ranar, kuma ba na Malam kaɗai ba ne.

Abdulsalam, mu ba mu ce ka rushe ƙungiyarka ba, muna buƙatarta. Ba mu ce kai mugu ne ba, a hannunmu ka girma. Kuskure ne da duk garin nan muka taya ka yi, mu da muka yi shekaru muna ba yara labarin dukan da ba a taɓa yi ba. Amma kai ne a gaba ranar, kuma muryarka aka ji. Ka duba filin nan. Ga wakilin Hakimi, ga Mai Unguwa, ga Liman, ga matan unguwa, ga yaran islamiyya a kan katanga. Ƙofar Dumi ba za ta sake taruwa haka ba nan kusa, kuma mahaifinka ne ya tara maka su. Ba zan tilasta maka ba, shi ma bai tilasta maka ba. Zan yi godiya in yi addu'a, kai kuma ka yi shawara da zuciyarka.

A madadin iyali, muna godiya ga duk wanda ya tako, da wanda ya aiko, da matan da suka kwana biyu a kan murhu, da samarin da suka kafa rumfunan nan, waɗanda yawancinsu 'yan sintirin ne. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Sabitu ya zo gare ka. Ya saurari bayinka lokacin da ba mai sauraronsu, kai ma ka saurare shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta. Ka ba Hajiya Kubura haƙuri, ka saka wa Saudatu, ka raya jikokinsa a kan halinsa. Ka tsare garinmu daga ɓarayi, ka kuma tsare mu daga zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba. Ka warkar da wanda aka ji wa rauni, ka ba wanda ya yi kuskure ƙarfin zuciya. Sauran addu'ar na bar wa Malam Liman, ya fi ni sanin hanyarta. Amin.

Malam Liman, Allah ya gafarta malam, a ɗan dakata tukuna. Ku da ke tsakiya, ku buɗe hanya. Hamma, taso ka matso gaba, kawo 'yarka ma ta ji. Abdulsalam ya miƙe.